Ranar da Na Ce a Matakala Ya Faɗi

Akwai wata Juma'a da ko tsufa ya zo ya kwashe mini tunani, na san ita za ta rage. Shekara shida ke nan. Na canza gari, na canza gida, yarana sun yi tsayi, amma ranar tana nan yadda take. Ban yi karatu mai nisa ba, aji huɗu na yi a lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, don haka ku yi haƙuri da rubutuna. So nake in faɗi abin yadda ya faru, tunda ranar da ya kamata in faɗa ban faɗa ba.

A lokacin muna zaune a Lyon, unguwar Guillotière, a hawa na uku na wani tsohon bene da ba shi da na'urar hawa, sai matakala ta katako mai lanƙwasa. Ina da ɗiya mai shekara uku da jariri ɗan wata biyar. Maigidana yana aiki can kudu a bakin teku, a wurin da ake gyaran jiragen ruwan soja. Shi ba soja ba ne. Wani ƙaramin kamfani ne ke ɗibar ma'aikata su kankare tsatsa su yi fenti a cikin jiragen. Ran Lahadi da yamma su tafi a wata farar mota, ran Juma'a a tashe su da tsakar rana, su iso gida bayan la'asar.

Shugaban ayarinsu wani dattijo ne ɗan garinmu, muna ce masa Baba Alhaji. Ya zo Faransa tun ba a haife ni ba. Shi ya tarbe ni a filin jirgi ranar da na iso, shi ya samar wa maigidana aikin, shi ya raɗa wa ɗana suna. Mutum goma sha ɗaya ne 'yan wajenmu ke aiki a ƙarƙashinsa, kuma duk na san matansu. In kun san wannan, za ku fi gane abin da na yi, ko da yake ba don ku wanke ni nake faɗa ba.

Ni mace ce mai fargaba, haka Allah Ya yi ni. Duk Juma'a sai na tsare maigidana da tambaya: yaya tsayin wurin, me ke riƙe ku, in mutum ya zame fa? Shi kuma sai ya yi ta dariya.

"Ke dai da tsoro," in ji shi. "Wurin nan ko atishawa za ka yi sai ka sa hular kwano. Ga wata igiya da suke ɗaura mana a ƙugu mu maƙala a ƙarfe, kamar akuyar da ake tsoron ta shiga gonar mutane."

Ya ce mini duk dandamalin ƙarfen da suke hawa su yi aiki akwai kati rataye a ƙasansa. In kore ne, an duba, ka hau. In ja ne, ko shugaba ne kai ba ka taka shi. Ya ce a bakin babbar ƙofa akwai allo da ake rubuta kwana nawa aka yi ba wanda ya ji ciwo, kuma duk kamfanin da mutanensa ke yawan jin ciwo, sallamarsa ake yi. Ya faɗa mini ne don hankalina ya kwanta, kuma ya kwanta ɗin. Ban yi tunanin cewa inda ake korar mutane saboda ciwo, za a sami masu ɓoye ciwon ba.

Ranar Juma'ar na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar kuka, na goya jaririn ina tsaye a taga. Motar ta tsaya a inda ta saba. Kullum maigidana ke fara dirowa, ya ɗaga kai ya nemi tagarmu. Ranar sai wasu biyu suka fara fita, sai Baba Alhaji, sannan suka juya suka jawo shi, hannu ɗaya a wuyan wannan, ɗaya a wuyan wancan. Yana sanye da wata farar jallabiya wadda ba tasa ba, ta tsaya masa a ƙwauri. Ƙafafunsa kuwa ba takawa suke ba, jan su ake yi.

Na buɗe ƙofa na tsaya. Ina jin su suna hawowa da shi taki ɗaya ɗaya, hawa uku, kuma a kowace lanƙwasa sai na ji ya yi wani nishi ta hanci, irin na namijin da ba ya so a ji. Suka kwantar da shi a kan katifa a falo. Fuskarsa ta yi fari fat kamar an shafa toka. Baba Alhaji ya zauna a kujera ya fara gaisuwa, kamar ya zo barkar sallah.

"Ɗiyata, ina wuni? Ina yara? Ina haƙuri da mu?"

"Lafiya lau, Baba. Me ya same shi?"

"Ba wani abu ba ne. Targaɗe ne a ƙugu. Mun shafa masa man zafi a hanya."

Ɗaya daga cikin mutanen ya so ya sassauta abin, ya ce, "Shekara guda yana roƙon hutu an hana shi, yau ga shi ya ƙwata da ƙarfi." Ba wanda ya yi dariya sai maigidana, shi ma haƙora kawai ya buɗe.

Ni ba na magana a gaban manya, amma idona ba ya hutawa. Na ga ƙurar fenti ruwan toka a cikin kunnensa da girarsa, alhali bai taɓa dawowa gida bai yi wanka ba. Na ga silifas ɗin wani a ƙafarsa, babu takalmansa masu ƙarfe a baki. Na durƙusa kamar zan gyara masa jallabiyar, na kama babban yatsan ƙafarsa ta hagu na mintsina da ƙarfi har farcena ya shiga. Bai ko waiwayo ba. Yana can yana ce wa ɗiyarmu ta zo ta gaishe shi.

Na ce, "Baba, ƙafar ba ta ji. A kai shi asibiti."

"Za a kai shi yanzun nan. Amma zo tukuna."

Ya kira ni bakin ƙofar kicin. Na durƙusa, kaina a ƙasa, yadda aka koya mini tun ina ƙarama. Ya yi magana a hankali, da muryar da yake yi wa mutum nasiha. Ya ce a wurin aiki ya faɗo, ba zai ɓoye mini ba. Amma in aka rubuta haka, za a zo bincike, a rufe musu aiki, a ƙwace kwangilar.

"Gida goma sha ɗaya, ɗiyata. Kin ci abinci a cikinsu, sun ci a naki. Kuma magani ɗaya ne. Wanda ya faɗi a gida da wanda ya faɗi a wurin aiki, likita ɗaya ke duba su. Za mu ce a matakalar nan ya zame yana hawowa. Sauran kuma ki bar mana. Muna raye ba za ku wulaƙanta ba."

Na waiwaya na dubi falo. Daga kan katifa maigidana ya ce, "Ki yi yadda Baba ya ce."

Abin da aka yi bayan nan shi ne ya fi ci mini rai. Don maganar ta zauna, sai suka sake ɗaukarsa, suka sauko da shi hawa ukun nan, suka kwantar da shi a ƙasan matakala kusa da akwatunan wasiƙu, suka karkatar da silifas ɗaya a kan taki na huɗu. Sannan Baba Alhaji ya buga waya ya kira 'yan agaji. Na miƙa ɗiyata ga maƙwabciya na sauko.

Da 'yan agajin suka zo, abu na farko da babbansu ya yi shi ne ya ɗaga hannu ya ce kada kowa ya taɓa shi. Ɗaya ya riƙe masa kai da hannu biyu bai saki ba. Suka sa masa abin tallafe wuya, suka zura wani katako a ƙarƙashinsa, su huɗu suna ƙirga ɗaya, biyu, uku, suka motsa shi gaba ɗaya kamar tulun da ya tsage. Suka ɗaɗɗaure shi don kada ko gashinsa ya motsa. Ina tsaye da goyo ina kallo, a nan na fara sanin cewa ashe haka ake ɗaukar wanda ya faɗo. Na dubi mutanenmu biyun nan, na ga su ma sun gani. Ɗaya ya kawar da kai yana kallon bango.

A asibiti aka ɗauki hoton bayansa. Likitar mace ce, babba, da tabarau rataye a wuyanta. Baba Alhaji ne ke fassara, don Faransancina a lokacin na cefane ne. Ta tambayi ƙarfe nawa ya faɗi, ya faɗa mata. Ta tambayi taki nawa, ya faɗa mata. Ta sake duban hoton. Sai wayar Baba Alhaji ta yi ƙara, ya duba, ya ce mai kamfani ne, ya fita.

Muka rage ni da ita. Ta jawo kujera ta zauna daf da ni, ta taɓa ƙafar jaririna ta yi murmushi. Sannan ta nuna kunnenta da yatsa, ta nuna ɗakin da maigidana ke kwance. Ita ma ta ga fentin. Ta yi magana kalma ɗaya ɗaya, yadda ake yi wa yaro.

"Madam, a ina ya faɗi? A gida, ko a wurin aiki?"

Na gane tambayar sarai. Na san kalmar aiki da yarensu, tana kan harshena. Amma a ɗan lokacin nan sai na ga sauran matan nan goma suna wuce ni a kasuwa ba gaisuwa. Na ga labari ya isa Damagaram kafin gari ya waye, ana cewa ɗiyar wance ta je Faransa ta tone wa 'yan garinsu asiri, ta kai dattijo ƙara wurin Nasara. Na ga mahaifiyata tana sunkuyar da kai a gidan biki. Ban ga mijina ba. Wallahi a cikin duk abin da na hango, shi kaɗai ne ban gani ba.

Na ce, "A gida. Matakala."

Ta sake tambaya. Na sake faɗa. Ta dube ni ɗan lokaci, ba da fushi ba, sannan ta ɗauki biro ta rubuta.

Sai bayan an yi masa aiki, yana kwance sati na biyu, ya ba ni labarin ranar. Ya ce da hantsi ne, wajen ƙarfe goma. Jirgin yana da ranar da dole ya fita, su kuma sun makara. Akwai wani ɗan lungu a ciki da ba a gama kankarewa ba, kuma dandamalin wurin jan kati ne rataye, don wasu ma'aikata sun cire katako ɗaya da ƙarfen riƙo za su shigar da bututu. Baba Alhaji ya ce minti goma ne kawai, ya hau ya gama kafin mai duba aiki ya zagayo. Ya hau. Igiyar tana ƙugunsa, amma ƙarfen da zai maƙala ta shi ne aka cire. Ya ja da baya taki ɗaya, ya taka inda babu katako.

Ya ce a cikin wurin akwai ɗakin magani, akwai 'yan agajinsu na kansu, tafiyar da ba ta kai ta zuwa masallaci ba. Ba a kira su ba. Mutanensa suka ɗaga shi zaune, suka kai shi ɗakin da suke canza kaya, suka zaunar da shi a benci awa biyu har lokacin tashi ya yi. Suka tuɓe masa kayan aiki suka sa masa jallabiyar wani. A bakin ƙofa kowa sai ya ɗora katinsa a kan na'ura da hannunsa kafin ya fita, to sai suka riƙe shi a tsakiya suna ta wasa da dariya kamar abokai ne suka rungumi juna. Ya ce shi ma dariyar ya yi wa mai gadi. Bayan nan awa huɗu a mota, a zaune.

Likitar ta yi mana bayani ta bakin wata mai fassara ta asibiti. Ƙashin baya ne ya karye, wani ɓangare ya matse jijiya. Ta ce irin wannan karaya, motsin da ake yi bayanta yakan fi faɗuwar ɓarna. Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Wata uku ya yi kafin ya dawo gida, da sanda, yana jan ƙafar hagu. Ba ya iya ɗaukar ɗansa daga ƙasa. Kamfanin ya aiko da takarda cewa aikinsa ya ƙare. Da farko Baba Alhaji yana zuwa duk Asabar da nama da buhun shinkafa, ya zauna ya yi addu'a. Sai ya koma wata wata. Sai ya koma waya. Ba zan ce ya yi ƙarya da gangan ba ranar da ya ce suna raye ba za mu wulaƙanta ba. Suna nan da ransu dai, wannan gaskiya ne.

Matakalar nan ta fi ƙarfin maigidana, zaman ma ya fi ƙarfinmu. Muka tattara muka koma Paris, La Courneuve, wurin yayata da mijinta ke dako a kasuwar Rungis. Na sami aikin share ofisoshi. A can ne, a wurin da ake auna yara, wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta tambaye ni yadda mijina ya sami ciwon. Ban san abin da ya buɗe mini baki ba. Wataƙila don ba ta san kowa a Damagaram ba. Na faɗa mata duka, wata goma sha huɗu bayan lokacin da ya kamata.

Ta ajiye biro ta ce da an rubuta ciwon aiki ne, da doka ta tsaya masa: jinyarsa, abin da zai riƙa samu saboda ƙafar, har koya masa wata sana'ar da zai yi a zaune. Ta ce ba a makara gaba ɗaya ba, doka ta ba wa ma'aikaci shekara biyu ya kai maganar da kansa. Amma sai da shaida.

Muka rubuta wa hukumar da ke duba ciwon aiki. Amsa ta zo da abubuwa uku. Na'urar ƙofa ta nuna ya fita da kansa a lokacin tashi, tare da kowa. 'Yan agaji sun ɗauke shi ne a ƙasan matakalar gidansa. Kuma takardar asibiti ta ce matarsa, da aka tambaye ta ita kaɗai har sau biyu, ta tabbatar da haka.

Na kira mutanen nan biyu da suka ɗauke shi. Na farkon ya gaisa da ni da kyau, da na kawo maganar sai ya ce layin ba ya fita sosai. Na biyun bai yi mini haka ba. Ya ce, "Ƙanwata, ki yafe mini. 'Ya'yana huɗu." A kwanakin ne matar ɗaya daga cikinsu ta sa hoto a waya: ayarin duka suna tsaye da hulunan kwano, Baba Alhaji a tsakiya yana riƙe da takardar yabo ta shekara guda ba hatsari. Na ƙirga su. Goma sha ɗaya ne har yanzu, an cike gurbin.

Ran Asabar na hau jirgin ƙasa na tafi Lyon, ban gaya wa maigidana inda za ni ba. Na sami Baba Alhaji a Guillotière, a bayan wani shagon atamfa inda dattawa ke zama shan shayi. Ya tarbe ni da fara'a, ya tambayi kowa da kowa, ya aika a sayo wa yara alewa. Na durƙusa na gaishe shi kamar kullum. Sannan na ce ba don faɗa na zo ba, layi biyu kawai nake roƙo ya rubuta, cewa a wurin aiki ne.

Ya juya kofin shayinsa a hannu. Ya ce, "Ɗiyata, abin da ya faru ƙaddara ce. Musulmi ba ya ja da ƙaddara."

Ban san lokacin da na ɗago kai ba. Na ce, "Baba, jan katin da ke rataye fa? Shi ba a gan shi ba ne?"

Dattawan da ke wurin suka juyo suna kallona. Shi kuwa murmushi ya yi, ya dubi na kusa da shi ya ce, "Ka ji Paris ta koya wa yarinyarmu magana." Sannan ya juyo gare ni, a hankali, ba faɗa. "Ni lokacin da likita ta tambaye ki ba na cikin ɗakin. Waya nake yi a waje. Ke kika faɗa da bakinki."

Gaskiya ya faɗa. Na tashi. Ya miƙo mini ledar alewar, kuma abin da har yau nake jin haushin kaina a kai shi ne na karɓa, na ce na gode.

Shekara biyun suka cika, ƙofar ta rufe. Yanzu maigidana yana gida, shi ke raka yara lakwal a hankali da sandarsa, ni ke fita aiki. Bai taɓa ɗora mini laifi ba. Duk sallah sai ya kira Baba Alhaji ya gaishe shi, ni kuma in shiga kicin in buɗe famfo. Sau ɗaya muka taɓa maganar. Ya ce, "Ki daina cin kanki, ai ni na ce ki yi." Na ce masa shi a kwance yake, zafi ya ɗauke masa hankali, ni kuwa a kan ƙafafuna biyu nake.

An tarbiyyantar da mu da kunya da kara, kuma ba na zagin su, da su muke zama da juna a ƙasar da ba tamu ba. Amma na koyi cewa suna da inda suke tsayawa. In mutum ya faɗo, ba a ɗaga shi don kada a gani, a bar shi kwance a kira waɗanda suka san aikin. In likita ta tambayi inda abin ya faru, a faɗi inda ya faru, ko wa zai ji haushi, don abin da aka rubuta ranar farko shi ke bin mutum har ƙarshe, alkawarin baki kuwa wata uku ne ƙarfinsa. Duk matar da mijinta ke aikin ƙarfi, in ta zauna kusa da ni a metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ko a gidan suna, wannan nake gaya mata, ko ta tambaya ko ba ta tambaya ba. In babba ya ce ki rufa asiri, ki tsaya ki duba asirin wa ake rufewa, kuma da jikin wa ake rufe shi.